Leopold Ruzicka: Masanin Da Ya Warware Ƙirar Sinadaran Ganyen Ɗaɗɗoya Da Danginta

Duk wanda ya saba karanta tallan maganin ganye a waya, ko ya taɓa juya robar ƙwayoyin nan da ake sayarwa da sunan ƙarin lafiya, mai yiwuwa ya ci karo da sunaye biyu, asid ɗin ursolik da asid ɗin oliyanolik. Ana samun su a ganyayen dangin na'a-na'a, wato zuriyar tsirran da ta haɗa da ɗaɗɗoya, da na'a-na'a ita kanta, da rosmeri da tayim da ake zubawa a girki. Rizga da tumuku ma 'yan wannan gida ne, ko da yake su abin da ke ƙarƙashin ƙasa ake ci. Sinadaran biyu suna cikin wani babban rukuni mai suna tiraitarpin, wanda aka riga aka gano dubban irinsa a tsirrai. Mutumin da ya fi kowa wahala wajen gano yadda aka gina su, da yadda tsiro ke haɗa su, shi ne Leopold Ruzicka (ana furta sunan Rujichka). Ba likita ba ne, masanin kimiyyar sinadarai ne, kuma bai taɓa duba marar lafiya ba. Amma akwai magungunan da muke rubutawa a asibiti kullum waɗanda ba a iya bayanin yadda suke aiki sai an bi ta kan abin da ya gano.

An haife shi ranar 13 ga Satumba, 1887, a garin Vukovar da ke bakin kogin Danube, a ƙasar Kuroshiya ta yanzu, lokacin tana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Mahaifinsa mai haɗa gangunan katako ne na zuba kaya. Yaron yana ɗan shekara huɗu uban ya mutu, sai mahaifiyar ta kwashe shi da ƙaninsa ta koma garinsu, Osijek. A can ya yi firamare da sakandare. Da fari limancin coci ya so ya yi, daga baya ya sauya ra'ayi ya zaɓi kimiyyar sinadarai, da fatan zai sami aiki a wata masana'antar sukari da aka buɗe a garin. Burinsa a lokacin bai wuce nan ba.

A 1906 ya tafi Jamus, makarantar koyon fasaha ta Karlsruhe, kuma cikin shekara huɗu kacal ya kammala har digirin digirgir a hannun wani matashin malami, Hermann Staudinger. Malamin ya riƙe shi mataimaki, da ya koma babbar makarantar fasaha ta ETH da ke Zurik a ƙasar Suwizalan a 1912 ma ya tafi da shi. Aikin da suka sa a gaba daga ƙasar su Ruzicka ya fito. A gaɓar tekun Dalmashiya ana noman wata farar fulawa da ake busarwa a niƙa, garinta yana kashe ƙwari. Suka shafe shekaru suna neman abin da ke kisan a cikin garin, har suka ware sinadaran da ake kira firetirin. Zanen ƙirar da suka yi yana da kurakurai waɗanda wasu suka gyara daga baya, amma su ne suka buɗe hanya. Maganin da ke jikin gidan sauro da ake raba wa masu juna biyu a asibitocinmu kwaikwayon wannan sinadari ne da aka ƙera a masana'anta.

A 1916 ya gaya wa malaminsa yana so ya kama nasa binciken. Staudinger bai ji daɗi ba, Ruzicka ya rasa matsayinsa na mataimaki da yawancin kayan aikin da yake amfani da su. Dole ta sa ya nemi mai ɗaukar nauyinsa a wajen jami'a, kuma masu turare ne suka fara amsa masa: wani kamfanin Jamus, Haarmann & Reimer, sannan daga 1921 kamfanin Chuit & Naef na birnin Janeba, wanda daga baya ya zama Firmenich. Ya zama ɗan ƙasar Suwizalan a 1917.

Turare ne ya fito da sunansa. Almiski da jibda suna cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya, na farko daga jikin wata 'yar barewa ta duwatsun Asiya, ta biyu daga tunkun juda, dabbar da Hausawa suka sani tun da daɗewa, ko da yake yawancin jibdar da ake kaiwa Turai daga Habasha take fitowa. A 1926 Ruzicka ya nuna cewa sinadarin ƙamshin almiski zobe ne na ƙwayoyin kabon 15, na jibda kuma na 17. A wancan zamani manyan masana sun ɗauka zobe mai girman haka ba zai yiwu ba, zai karye. Shi kuwa bai tsaya ga nuna akwai shi ba, ya zauna ya haɗa zobba iri-iri a ɗakin gwaji, har masu ƙwayoyi sama da 30. Daga nan Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta ba shi kujerar farfesa, ya yi kamar shekara uku, a 1929 ETH ta kira shi ya dawo ya shugabanci sashen da ya taɓa zama ɗan rakiya a cikinsa.

Farin gari marar ƙamshi

Kafin a fahimci aikin da ya cinye sauran rayuwarsa, sai an san wata ƙa'ida guda. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe, Otto Wallach, ya lura cewa yawancin sinadaran ƙamshi na tsirrai kamar an gina su ne da tubali iri ɗaya, wani ɗan guntu mai ƙwayoyin kabon 5 da ake kira aisofirin. Tubali biyu su ba da sinadari mai kabon 10, irin mentol da ke sa sanyin na'a-na'a a baki. Uku su ba da mai 15, huɗu mai 20. Shida su ba da mai 30, shi ne tiraitarpin. Takwas su ba da mai 40, irin sinadarin da ke sa jan manja da karas. Ruzicka ya ɗauki wannan lura ya mai da ita ma'aunin aiki. Idan ya sami sabon sinadari, ya zana ƙirori da dama da za su iya zama nasa, sai ya jefar da duk wadda ba ta rabuwa gida-gida zuwa tubalan nan, ya bi wadda ta rage.

A nan akwai abin da ya kamata mai shan ganye ya sani. Ƙamshin da ke tashi idan an murza ɗaɗɗoya ko na'a-na'a na ƙananan sinadarai ne masu saurin bin iska. Su tiraitarpin sun yi nauyi, ba sa tashi, ba su da ƙamshi. Suna zaune ne galibi a cikin ɗan kakin da ya lulluɓe bayan ganye, wanda ke kare shi daga bushewa da ƙwari, irin wanda ake ji a bawon tuffa. Idan aka ware su, farin gari ne kawai wanda kusan ba ya narkewa a ruwa. Busasshen ganyen rosmeri yakan ƙunshi ursolik har kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinsa, wannan kuwa ba kaɗan ba ne a tsiro.

Ruzicka bai yi aiki a kan ɗaɗɗoya ba. Kayan aikinsa su ne ƙaron itatuwa, da ɓawon wata bishiyar Turai mai farin jiki, da kanumfari, da makamantansu. Sai dai sinadari ɗaya ne ko daga ina aka ciro shi. Oliyanolik na kanumfari shi ne na ganyen zaitun, inda ya samo sunansa, shi ne kuma na ganyen ɗaɗɗoya.

Wahalar ita ce, a shekarun 1930 babu na'urorin da yau ke nuna ƙirar sinadari cikin yini guda. Abin da ake yi shi ne a farfasa shi a duba gutsattsarin, kamar wanda aka ba tulu a cikin buhu, aka hana shi buɗewa, aka ce ya fasa ya riƙa zaro katanga ɗaya-ɗaya har ya faɗi siffar tulun. Dabarar da ya fi dogara da ita ita ce a gasa sinadarin da farar wuta, daga baya da wani ma'adini mai suna seleniyom, a zafin da ya haura digiri 300. Wannan yana kwashe ƙwayoyin haidirojin ya bar ƙashin ginin. Sai a tace abin da ya fito, wani lokaci ɗan mitsitsi daga tarin kaya, a yi hasashen ko mene ne, a haɗa irinsa daga tushe, a gwada ko su biyun suna narkewa a zafi ɗaya. Gutsure guda yana iya cin shekarar ɗalibi sukutum.

Da haka aka gano cewa waɗannan sinadarai zobba biyar ne a manne da juna. Wani masanin Ingila, Haworth, ya kawo zanen da ya dace da rukunin oliyanolik a 1937, ɗakin gwajin Ruzicka ya yi shekaru yana tabbatar da shi kusurwa-kusurwa. Na rukunin ursolik ya fi taurin kai. Sai a 1949 shi da Oskar Jeger, babban na hannun damansa a wannan fage, da wani abokin aikinsu suka fitar da zanen da ya tabbata, kuma ko a lokacin an ci gaba da gardama a kansa na wasu shekaru. Abin mamaki, ursolik da oliyanolik adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne cif: kabon 30, haidirojin 48, oksijin 3. Bambancinsu bai wuce wurin zaman ɗan reshe guda mai kabon ɗaya a zobe na biyar ba. A kan wannan ɗan reshe aka yi fiye da shekara goma ana fama. Shi ya sa har yau raba su biyun a ɗakin gwaji yake da wuya, kuma kusan kullum tare ake samun su a ganye ɗaya.

Wannan aiki ba ya kawo kuɗi. Abin da ya kawo kuɗi wani ne daban. A 1931 Adolf Butenandt na Jamus ya tace dubban litocin fitsarin maza ya sami ɗan ƙwayar wani sinadarin mazakuta. Ruzicka ya duba adadin ƙwayoyinsa ya yi hasashen cewa ɗan'uwan kolestarol ne, a 1934 kuwa ya haɗa shi daga kolestarol ɗin. A 1935 masana a Amsterdam suka ware testostaron daga 'ya'yan marainan bijimai, kafin shekarar ta ƙare Ruzicka da Albert Wettstein na kamfanin Ciba sun haɗa shi, kusan a mako guda da su Butenandt. Allurar da ake yi wa namijin da gwaji ya tabbatar jikinsa ba ya samar da isasshen testostaron daga nan ta samo asali. Kuɗin haƙƙin mallaka ya shigo masa da yawa, ya zuba wani kaso a sashensa, ya ɗauki ma'aikata, aikin farin garin nan ya ci gaba.

A 1939 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare da Butenandt. Dalilin da aka ambata a nasa ɓangaren shi ne manyan zobba da manyan tarpin. Gwamnatin Hitler ta tilasta wa Butenandt ya ƙi karɓa. Shi ma Ruzicka yaƙi ya hana shi zuwa Suwidin, a Zurik aka miƙa masa a farkon 1940, laccarsa kuwa sai a Disambar 1945 ya gabatar da ita a Stockholm.

Ya tsani mulkin 'yan Nazi kuma bai ɓoye ba. Sashensa ya cika da baƙi, da yawa Yahudawa daga gabashin Turai. Tadeus Reichstein, wanda ya haɗa bitamin C a 1933, daga baya ya sami Nobel a kan sinadaran kotizon, a wurinsa ya yi aiki. Haka Leo Sternbach, wanda bayan ya koma Amurka ya ƙirƙiro diazepam, maganin da har yau muke tsayar da jijjiga da shi. A 1941, da Jamusawa suka mamaye Zagreb, ya taimaka wa wani ɗan ƙasarsu, Vladimir Prelog, ya tsallako Zurik. Ya kuma kafa ƙungiyar kai agaji ga mutanen Yugoslabiya. Bayan yaƙi ya ɗan ja baya daga ɗakin gwaji, hankalinsa ya koma kan tara zane-zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17, waɗanda ya ba gidan adana zane na Zurik.

Lokacin da ma'aunin ya ƙi aiki

Abin da ya dawo da shi wani sinadari ne da ake samu a maiƙon gashin tumaki, lanostarol. Kabon 30 gare shi, don haka kowa ya ɗauka zai bi ƙa'idar tubali shida. A 1952 ɗakin gwajinsa ya kammala gano ƙirarsa, sai ga shi ba ya rabuwa zuwa tubalan ko ta yaya aka juya shi. Ƙa'idar da ya yi shekara talatin yana tafiya da ita ta karye, a hannun ɗalibansa kuma.

Yana da shekara 65 a lokacin, da suna da kuɗi, yana iya cewa wannan bare ne a cikin dangi ya wuce. A ganina nan ne girmansa ya fi bayyana, don sake ƙa'idar ya yi daga tushe. A 1953 ya bayyana cewa ba ginin da aka gama ne ya wajaba ya rabu zuwa tubala ba, kayan da aka fara ginin da su ne. Halitta tana fara jera tubala shida a doguwar igiya guda mai suna sikwalin, wadda aka fara ganowa a man hantar kifin shak, akwai ta kuma a maiƙon fatar mutum. Sai igiyar ta naɗe ta ƙulla zobba, kuma a cikin ƙullawar wasu rassa kan yi tsalle su sauya wurin zama. A shekarar ce Robert Woodward da Konrad Bloch a Amurka suka nuna yadda sikwalin ke naɗewa ya zama lanostarol, shi kuma ya zama kolestarol. A 1955 Ruzicka da Jeger da matasa biyu, Albert Eschenmoser da Duilio Arigoni, suka buga maƙalar da ta nuna yadda salon naɗewar igiyar nan ɗaya ke haifar da kowane rukuni na tiraitarpin da aka sani. Ita ce ta 190 a jerin maƙalun da sashen ya buga a kan tiraitarpin kaɗai.

Ma'anar wannan ga jikinmu mai sauƙi ce. Hanyar da ganyen ɗaɗɗoya ke bi ya haɗa ursolik da hanyar da hantar mutum ke bi ta haɗa kolestarol hanya ɗaya ce har zuwa sikwalin, daga nan suke rabuwa. Magungunan rage kitsen jini irin su atorvastatin suna tare hanyar ne tun daga farkonta. Naman gwari mai haddasa makero da ƙyasbi da ƙaiƙayin gaba shi ma wannan hanya yake bi ya gina bangon jikinsa: terbinafine yana tare shi a kan sikwalin, fluconazole da clotrimazole kuma a kan lanostarol. Wasu ne suka ƙirƙiro waɗannan magunguna, amma taswirar da ake bayaninsu da ita akwai hannunsa a ciki.

To su ursolik da oliyanolik fa, sun zama magani? A ɗakin gwaji, a kan ƙwayoyin halitta da ɓeraye, an ga suna rage kumburi, suna taɓa sukarin jini, suna hana wasu ƙwayoyin kansa yaɗuwa. Waɗannan sakamako ne masu talla ke ɗauka. Amma gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kaɗan ne kuma ƙanana, kuma hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da ursolik a matsayin maganin ciwon sukari ko kansa ko hawan jini ba. Babbar matsalar ita ce halin nan nasu na ƙin ruwa: shayin ganye ba ya ɗebo su da yawa, wanda aka haɗiya ma kaɗan ne ke ratsa hanji ya shiga jini. A ƙasar Sin an daɗe ana sayar da ƙwayar oliyanolik don taimaka wa masu ciwon hanta, amma gwaji a kan ɓeraye ya nuna yawansa yana lalata hantar ita kanta.

Da yake an san ƙirar, masana sun iya gyara ta don ƙara mata ƙarfi, kuma abin da ya biyo baya ya nuna fuska biyu. Wani magani da aka ƙera daga oliyanolik, bardoxolone, an gwada shi a kan mutum sama da 2,000 masu ciwon sukari da ciwon ƙoda mai tsanani. A 2012 aka dakatar da gwajin saboda ciwon gazawar zuciya ya fi yawa a cikin masu shan sa. Ɗan'uwansa omaveloxolone kuwa ya tsallake, a 2023 Amurka ta amince da shi don wata cutar jijiyoyi ta gado da ba a cika samu ba, wadda ke hana mutum daidaita tafiya. Ko a cikin na tsiro tsantsa akwai mai cizo: sinadarin zaƙin saiwar likoris, da ake sawa a wasu alewa da shayi na ƙasashen waje, tiraitarpin ne, kuma yawan shansa yana hawar da jini ya zubar da sinadarin fotasiyam. Ɗaɗɗoya a miya ko na'a-na'a a shayi abinci ne, babu laifi. Ƙwayar da aka tattara sinadarin a cikinta wani abu ne daban, mai juna biyu da mai ciwon hanta ko ƙoda da mai shan maganin sukari su nuna wa likita kafin su fara, kada kuma a ajiye maganin asibiti saboda ita.

Ruzicka ya yi ritaya a 1957, ya bar wa Prelog kujerarsa, shi ma Prelog ya sami Nobel a 1975. Ya yi aure sau biyu, bai haihu ba. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana ba kamfanonin magunguna shawara, yana magana a kan haɗarin makaman nukiliya, yana kuma kula da lambunsa na tsirran kan dutse, waɗanda yake ɗaukar hotonsu da kansa. Ya mutu ranar 26 ga Satumba, 1976, a garin Mammern da ke bakin tafkin Konstans, yana da shekara 89. Gidan da aka haife shi a Vukovar an mai da shi wurin tunawa da shi, yaƙin 1991 ya rushe shi, daga baya aka sake gina shi.